Ginin GCC ya tsaya da "Error 2": daga ina za a fara neman matsalar?

Tambayar a taƙaice: wani ɗan'uwa yana son gina GCC 13, wato kwamfailar da ke juya kod ɗin C da C++ zuwa shirin da na'ura za ta iya tayarwa, daga tushen kod a kan Ubuntu 22.04, a laptop mai RAM gigabait 8, domin yana buƙatar `std::format` na C++20, wanda GCC 11 da ya zo da tsarin ba shi da shi. Ya gina GMP da MPFR da MPC, laburaren lissafi uku da GCC ke buƙata, da hannu, ya ajiye su a wata folda cikin gidansa na kwamfuta. Karon farko ginin ya yi nisa, sai ya tsaya da "cannot compute suffix of object files: cannot compile". Ya goge komai ya sake da `make -j8`, wannan karon ya mutu da "Error 2". Ya turo layuka goma na ƙarshe yana tambaya: anya GCC 13 ɗin ba shi ne ya lalace ba?

Malam, GCC 13 lafiyarsa ƙalau. Ana gina shi a kan irin tsarinka kullum, har Ubuntu 24.04 shi ne kwamfailar da take zuwa da ita. Matsalar tana cikin muhallin da kake ginin, kuma layukan da ka turo ba za su nuna ta ba, domin ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ginin GCC ba `make` ɗaya ba ne. Na saman yana kiran wani a cikin wata folda, shi ma ya kira wani, har hawa uku ko huɗu. Idan abu ya fashe a can ƙasa, kowane `make` yana sanar da na samansa cewa aiki ya tsaya, shi ya sa kake ganin `make[3]: *** ... Error 1`, sai `make[2]`, sai `make[1]`, daga ƙarshe `make: *** ... Error 2`. Waɗannan layukan kamar sanarwar rasuwa suke: sun gaya maka an rasu, ba su gaya maka cutar ba. Ga kuma ƙarin wahala da `-j8` ke jawowa. Aiki takwas ne ke tafiya lokaci guda. Idan ɗaya ya faɗi, sauran bakwai ba sa tsayawa nan take, suna ci gaba da zubo rubutu har su gama abin da ke hannunsu. Za ka ga "Waiting for unfinished jobs....", kuma ainihin kuskuren yana iya kasancewa ɗaruruwan layuka a sama, ya riga ya fice daga allo.

Saboda haka kada ka ƙara gina wani babban abu ba tare da ajiye duk abin da ya fito ba:

`make -j4 2>&1 | tee gini.log`

Idan ya tsaya, ka nemi wuri na farko da tauraro uku suka bayyana da `grep -n '\*\*\*' gini.log | head`, ka buɗe fayil ɗin a wannan layin, ka dinga hawa sama har ka ga kuskure na farko. Na farko nake nufi. Kuskure ɗaya a C++ yana iya haifar da hamsin a bayansa, kuma duk hamsin ɗin za su ɓace da zarar ka gyara na farkon. Akwai kuma hanya mafi sauƙi: bayan ya tsaya, ka sake buga `make` shi kaɗai ba `-j`. Ba zai sake abin da ya gama ba, zai tafi kai tsaye wurin da ya faɗi, ya sake faɗuwa a gabanka ba hayaniya.

Kafin mu shiga kurakuranka biyu, akwai abin da in ka riƙe shi rabin binciken ya ƙare. GCC yana gina kansa a zango uku. A zangon farko, kwamfailar da ke kan na'urarka, wato GCC 11, ita ke gina sabon GCC. A na biyu, wannan sabon shi ke sake gina kansa. A na uku, na biyun ya sake ginawa, sannan a kwatanta fayilolin `.o` na zango na biyu da na uku. Dole su zama iri ɗaya. To duk lokacin da ka ga kuskure, tambayar farko ita ce: wace kwamfaila ce ke aiki a wannan layin? Idan umarnin ya fara da `g++` ko `gcc`, tsohuwar ce, kana zangon farko, kuma abin zargi shi ne kayan da ke kan tsarinka. Idan ka ga `xgcc` ko `xg++` tare da `-B` mai nuni ga foldar gininka, sabuwar ce da aka gama haɗawa yanzu, ana gwada ta a karon farko. A cikin foldar ginin akwai ɗan fayil mai suna `stage_current` da zai faɗa maka zangon da aka tsaya.

Yanzu ga kuskurenka na farko, wanda ya daɗe yana wahalar da mutane. Saƙon "cannot compute suffix of object files" ba ya nufin komai game da sunayen fayiloli. Abin da ya faru shi ne: an gama gina sabuwar kwamfaila, an zo gina `libgcc`, laburaren tallafi na GCC, sai `configure` na `libgcc` ya ba ta ɗan ƙaramin shiri na gwaji, ta kasa. Ya ce ka duba `config.log`, kuma a nan yawancin mutane ke ɓata, domin sukan buɗe wanda ke saman foldar gini. Kowace ƙaramar folda tana da nata. Wanda kake so shi ne `x86_64-pc-linux-gnu/libgcc/config.log`. Kada ka je ƙarshensa. Ƙarshen jerin saituna ne kawai. Ka nemi kalmomin "cannot compute suffix", ka hau sama kaɗan. Za ka ga layin da ya kira `xgcc` a kan `conftest.c`, a ƙarƙashinsa kuma amsar da ta dawo. Tunda ka gina laburaren nan uku da hannu, ina da ƙarfin zaton za ka tarar da wani abu mai kama da wannan:

`cc1: error while loading shared libraries: libmpfr.so.4: cannot open shared object file: No such file or directory`

Ga yadda hakan ke faruwa. GCC yana amfani da GMP da MPFR da MPC domin ya yi lissafi tun lokacin tara shiri, in ka rubuta `sin(1.0)`, yana iya fitar da amsar daidai ba tare da jiran shirin ya tashi ba. Da ka ba `configure` zaɓin `--with-mpfr`, ka gaya masa inda zai sami laburaren a lokacin haɗawa ne kawai. Lokacin da `cc1`, ɓangaren GCC da ke ainihin tara kod ɗin C, ya zo tashi, wani ne daban ke neman masa laburare, wato mai lodin tsarin, kuma shi bai san da foldar gidanka ba. Yana duba wuraren da aka yi masa rajista, bai samu ba, sai `cc1` ya mutu kafin ya karanta layi ɗaya. Idan ka bi saƙon da ke cewa ana buƙatar MPFR 3.1.0 ko sama ka ɗauko 3.1 ɗin, sunan laburarenta `libmpfr.so.4`, alhali Ubuntu 22.04 `libmpfr.so.6` take da shi, na MPFR 4. Babu wanda zai maye gurbin wani.

Za a ce maka ka sa `LD_LIBRARY_PATH`. Zai yi aiki a ranar, amma ni ba na ba da wannan shawarar, domin ka ɗaura wa kanka kwamfailar da ba ta tashi sai an tuna an sa mata wannan saitin, yau da gobe, a kowace taga, a kowane rubutun gini. Hanyar da ta fi tsafta tana cikin tushen GCC ɗin kansa. Ka shiga foldar tushen ka buga `./contrib/download_prerequisites`. Zai sauko da sigogin GMP da MPFR da MPC da isl waɗanda aka gwada da wannan fitowar, ya ajiye su cikin tushen, a gina su tare da GCC a kuma dunƙule su cikin `cc1`, ba sauran neman laburare a waje. Idan data ta yi ƙaranci ko intanet na yankewa, ƙunshin Ubuntu ma sun wadatar: `libgmp-dev`, `libmpfr-dev`, `libmpc-dev`. Ko wanne ka zaɓa, ka cire zaɓuɓɓukan `--with-gmp` da 'yan'uwansa gaba ɗaya.

Na biyun, mai "Error 2", layukanka ba su kai inda za su nuna shi ba, amma `-j8` a kan gigabait 8 ya sa na fi zargin RAM. Ka nemi kalmar "Killed" a cikin `gini.log`. Idan ka ga "fatal error: Killed signal terminated program cc1plus", ba kwamfailar ce ta yi kuskure ba, kanel ɗin Linux ne ya kashe ta da RAM ta ƙare. `sudo dmesg | grep -i 'out of memory'` zai tabbatar maka, har da sunan shirin da aka kashe. A cikin GCC akwai wasu manya-manyan fayiloli da ba mutum ya rubuta su ba, ana samar da su ne lokacin gini daga bayanin injin da kuma `match.pd`: irin su `insn-attrtab.cc`, `insn-recog.cc`, `insn-emit.cc` da `gimple-match.cc`. Ɗaya daga cikinsu kan iya cin gigabait guda ko fiye, kuma sukan zo kusan lokaci ɗaya. In suka haɗu ga burauza a buɗe, magana ta ƙare. A Ubuntu 22.04 ta tebur akwai ma `systemd-oomd`, wanda kan rufe tagar umarnin ɗungurungum. Idan taga ta ɓace ba sallama, ka duba `journalctl -u systemd-oomd`. Maganin ba wuya: ka sauko zuwa `-j3`, ka rufe burauza, ka ƙara fayil ɗin musanya (swap, wurin da diski ke taimaka wa RAM) na gigabait 8 da `fallocate` da `mkswap` da `swapon`. Ba sai ka goge ginin ba, ka sake buga `make` ya ɗora daga inda ya tsaya.

Akwai wani nau'in mutuwa da ya yi kama da wannan amma ba shi ba ne, kuma na ga yana da muhimmanci ga mu da muke aiki a ƙasa mai zafi da ɗauke wuta. Idan ka ga "internal compiler error: Segmentation fault", ka sake buga `make` ka lura. In ya sake faɗuwa a fayil ɗaya, a layi ɗaya, matsalar ta manhaja ce, ana iya bin sawunta. In kuwa ya wuce wurin lafiya ya je ya faɗi a wani wuri daban, to ka daina zargin kod. Kwamfaila ba ta canza ra'ayi tsakanin gwaji biyu, na'urar ce. Ko sandar RAM ta fara lalacewa, ko firosesa na ɗaukar zafi. Ginin GCC yana riƙe na'ura a cikakken aiki na sa'o'i, abin da aikin yau da kullum ba ya yi, shi ya sa tun shekarun 1990 masu Linux ke ɗaukar dogon gini a matsayin gwajin lafiyar RAM. Laptop a kan katifa da rana tsaka a watan Afrilu, ga ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe fanka, ba za ta kai labari ba. Ka ɗaga ta a kan tebur, ka duba zafi da `sensors`, ka bar `memtest86+` ya kwana yana gwaji.

Ɗauke wuta kuma nata sharrin daban ne. In ka katse `make` da Ctrl-C, yana goge fayil ɗin da bai gama rubutawa ba. In batir ya mutu, ba wanda ya goge komai. Za a bar `.o` rabi ko fanko, mai sabon kwanan wata, sai `make` ya ɗauka an gama shi ya wuce. Can gaba `ld`, mai haɗa fayilolin `.o`, zai ce "file truncated" ko "file format not recognized", ko kuma ya kawo tarin "undefined reference" marasa kan gado. Ka goge fayil ɗin da aka ambata, ka nemi sauran fankon da `find . -name '*.o' -size 0`, in kuma abin ya ci gaba da rikicewa ka sake foldar gini daga farko.

Tunda za ka sake `configure`, bari in share maka sauran ƙayoyin da ke kan hanya. A na'ura mai bit 64, GCC yana so ya gina laburaren bit 32 ma. In babu fayilolin bit 32 na glibc, wato babban laburaren C na tsarin, ko dai `configure` ya tsaya yana cewa yana zargin ba ka da su, ko kuma a tsofaffin sigogi a yi nisa sannan a faɗi da "gnu/stubs-32.h: No such file or directory". In ba ka buƙatar `-m32`, ka sa `--disable-multilib`, ka ma rage lokacin gini. In kana buƙata, ka sa ƙunshin `libc6-dev-i386`. Sannan ka taƙaita harsuna da `--enable-languages=c,c++`. Ada ba ta ginuwa sai da GNAT a kan na'ura, D ma tun GCC 12 sai da GDC, kai kuwa ba ruwanka da su.

Kada ka yi gini a cikin foldar tushen, kada kuma ka buɗe foldar gini a ƙarƙashinta. Takardun GCC sun faɗi ƙarara cewa ba sa goyon bayan wannan na biyun. Ka yi folda dabam a gefenta. Amfanin a bayyane yake: duk lokacin da ka canza zaɓi, sai ka goge foldar ginin ka sake, tushen na nan da tsabtarsa. Kuma lallai ka goge ɗin, domin kowace ƙaramar folda tana ajiye `config.cache`, inda take tuna amsoshin jiya. Wanda ya sa laburaren da ya rasa ya sake `configure` a kan tsohon gini, sau da yawa tsohuwar amsar "babu" ce ke ci gaba da aiki. Hanyar foldar kada ta ƙunshi sarari a suna, kuma kada ka yi gini a kan filashi ko ɓangaren diski na Windows, inda izinin fayiloli da mahaɗan alama (symlink) ba sa tafiya yadda ginin ke zato.

Saitunan muhalli ma suna da nasu tarkon, mai ban haushi saboda ƙanƙantarsa. In ka taɓa rubuta `export LIBRARY_PATH=/wani/wuri:$LIBRARY_PATH` alhali da can fanko ne, sakamakon zai ƙare da alamar `:`, kuma gurbin da ba komai ana fassara shi da "foldar da nake ciki". GCC ya san wannan haɗarin har yana tsayawa da "LIBRARY_PATH shouldn't contain the current directory when building gcc". Amma `CPATH` da `C_INCLUDE_PATH` da `CPLUS_INCLUDE_PATH` in suka ƙare haka, ba mai gargaɗinka. Sai dai ka ga an ɗauko fayil ɗin `.h` na wata folda a maimakon na tsarin, kurakurai su yi ta zuba a wuraren da ba su da laifi. Haka nan muhallin conda mai kwamfaila a ciki yana sa nasa `CC` da `CFLAGS` da `LDFLAGS`. Kafin ka fara, ka buga `env | grep -E 'PATH|FLAGS|^CC|^CXX'`, ka cire duk abin da ba kai ka sa shi domin wannan aikin ba.

In daga git ka ɗauko tushen maimakon ƙunshin fitowa, kana buƙatar `flex`, domin fayilolin da ake samarwa da shi ba sa cikin ma'ajiyar. Alamar rashinsa ita ce "undefined reference" ga `yylex` lokacin haɗa `gengtype`. Ka sa shi, ka sake daga sabuwar folda.

Wani abu da bai shafe ka yau ba amma zai iya samunka gobe: gina tsohon GCC a kan sabon tsari ya fi gina sabo wahala nesa ba kusa ba. Sabo yana buƙatar tsohuwar kwamfaila mai isasshen ƙarfi kawai. Tun GCC 4.8 na 2013 ake buƙatar ta C++, daga GCC 11 zuwa 14 kuma sai mai C++11, taka ta wuce haka. Tsoho kuwa yana neman abubuwan da aka riga aka cire. A glibc 2.26 na 2017 an daina ba da sunan `struct ucontext`, sai `linux-unwind.h` na tsofaffin `libgcc` ya daina taruwa har sai an mayar da shi `ucontext_t`. A glibc 2.28 an cire `sys/ustat.h`, daga baya kanel ya cire `linux/cyclades.h`, a glibc 2.36 kuma `sys/mount.h` ya yi karo da fayilolin kanel. Ukun nan duk a `libsanitizer` suke fashewa, domin shi ne ke leƙa cikin tsarin fiye da kowa. In ba ka buƙatar `-fsanitize`, `--disable-libsanitizer` zai fitar da kai. In kana buƙata, ka ɗauki fitowar ƙarshe ta wannan reshen, domin akasarin gyare-gyaren nan ana mayar da su baya muddin reshen na raye.

Ga yadda zan yi a na'urarka, bayan an sa `build-essential`:

`cd gcc-13.2.0 && ./contrib/download_prerequisites && cd ..`
`mkdir gini && cd gini`
`../gcc-13.2.0/configure --prefix=$HOME/gcc-13 --enable-languages=c,c++ --disable-multilib`
`make -j3 2>&1 | tee gini.log`
`make install`

Ba `sudo` a ko'ina, kuma kada ka kuskura ka sa `--prefix=/usr`; tsarinka yana dogara da kwamfailarsa da laburarenta, in ka taka su gyaran ya fi wannan ginin ciwo. Ka tabbatar akwai sararin diski mai yawa, gigabait da dama, ka kuma duba `/tmp`, domin "No space left on device" shi ma yakan ɓuya a sama da "Error 2". Za a ba ka shawarar `--disable-bootstrap` don saurin gamawa. Yana rage lokaci sosai, kuma don gwaji ba laifi, amma kwamfailar da za ka dogara da ita wata da watanni na fi son ta bi zangon nan uku. Kwatancen ƙarshen shi ne kaɗai shaidar da kake da ita cewa ta iya gina kanta ta fito daidai. In ka ga "Bootstrap comparison failure!", kada ka nemi hanyar tsallake shi, ka koma kan RAM da zafi da saitunan muhalli, ka sake a sabuwar folda.

Bayan an gama, akwai kuskure ɗaya da ke jiranka, gara ka san shi tun yanzu. Za ka tara shirinka mai `std::format` lafiya, ka zo tashinsa ya ce "version `GLIBCXX_3.4.32' not found" ko 3.4.31. Dalilin ɗaya ne da na `cc1` ɗazu: mai lodin tsarin ya ɗauko `libstdc++.so.6` na Ubuntu 22.04, wanda a asali ya tsaya a 3.4.30 na GCC 12, alhali sabon yana cikin `$HOME/gcc-13/lib64`. Ka haɗa shirin da `-Wl,-rpath,$HOME/gcc-13/lib64` domin hanyar ta zauna a cikinsa, ko ka sa `-static-libstdc++` in za ka kai shi wata na'ura. Kada ka kwafe sabon laburaren a kan na tsarin.

In duk da haka ya sake tsayawa, ka turo min abu huɗu: cikakken layin `configure` da ka buga, abin da `gcc -v` ya nuna, abin da ke cikin `stage_current`, da layuka hamsin da ke sama da tauraro ukun farko a `gini.log`. In kuskuren na `configure` ne, ka haɗa da `config.log` na ƙaramar foldar da abin ya faru a cikinta.